Farcen ƙafata ya yi kauri yana marmashewa: shin magungunan tsirrai za su iya warkar da shi?

Abu Hanif, Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina yi wa 'yan'uwa fatan alheri, musamman ma'aikatan lafiya da ke ba mu lokacinsu a nan. Ina aiki ne a wata masana'anta da ke Sharaɗa, inda doka ce kowa ya sa takalmin roba mai rufe ƙafa tun daga safe har yamma. Na daɗe ina fama da cin ruwa a tsakanin yatsun ƙafa, yakan lafa da hunturu ya dawo da damina, amma abin da ya fi damuna yanzu shi ne farcen babban yatsana na dama. Da farko gefensa ne ya yi rawaya-rawaya, sannan launin ya riƙa gangarawa zuwa gindin farcen, har ya kai yanzu ya yi kaurin da abin yankan farce ba ya iya kama shi, kuma idan na kankare ƙarƙashinsa sai wani farin gari mai ɗan wari ya riƙa zubowa. Yatsan da ke kusa da shi ma ya fara nuna alama.

Na nuna wa wani mai kemis a unguwarmu, ya ce fangas ne, wato wata ƙwayar cuta dangin mai kawo makero, ya kuma ce akwai ƙwayar da ake sha har wata uku. Sai dai na ji ana cewa ƙwayar tana taɓa hanta, abin da ya sa na tsorata ke nan. Da na bincika a intanet na ga ana yawan yabon man ti-tiri da tafarnuwa da man kanumfari, har ma da Vicks, a gida kuma wasu sun ba ni shawarar dakakken ganyen darbejiya, wasu man habbatus sauda, wata gwaggona kuwa ta ce lalle kaɗai ya wadatar. Tambayata ita ce: a cikin waɗannan akwai wanda aka tabbatar yana warkar da farce, ko kuwa ɓata lokaci zan yi? Sannan mahaifiyata, wadda take da ciwon suga, faratan ƙafarta biyu sun yi irin wannan kaurin, kuma ita ma ba ta son shan ƙwayoyi fiye da waɗanda take sha. Shin abin da zai yi mini amfani zai yi mata? Na gode, Allah Ya saka da alheri.

Maman Sadiƙ, mai harhaɗa magunguna, Zariya

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam Abu Hanif, Allah Ya ba ku lafiya kai da Hajiya. Yadda ka bayyana ciwon ya yi daidai da nau'in da aka fi gani, wato wanda yake farawa da cin ruwa a fata, sannan ƙwayar cutar ta kutsa ta bakin farce ko ta gefensa ta zauna a ƙarƙashi. Fangas ɗin da ya fi haddasa wannan a duniya shi ne Trichophyton rubrum, abincinsa kuwa keratin ne, sinadarin da aka gina farce da gashi da saman fata da shi, kuma babu inda yake jin daɗi kamar wuri mai ɗumi da danshi irin cikin takalmin da kake wuni da shi.

Duk da haka, kada ka fara kowane magani, na asibiti ko na gida, sai an gwada farcen. Kusan rabin faratan da suka lalace ne kawai fangas ke da alhakinsu. Sauran sukan kasance daga gugar takalmi da buguwa na shekaru, ko daga cututtukan fata irin su soriyasis, kuma da ido kaɗai ko ƙwararren likita yakan kasa rarrabewa. Gwajin ba mai wahala ba ne: za a yanki ɗan farcen, a kankaro farin garin nan da ka ambata daga can ciki, a ɗiga masa sinadarin da ke narkar da keratin, a duba a madubin ɗakin gwaji ko akwai zaren fangas. Idan ana son sanin ainihin nau'insa sai a shuka shi a kwanon ɗakin gwaji har ya tsiro, wanda yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu. Sanin nau'in yana da muhimmanci a yankinmu, domin a Afirka ta Yamma ana samun wani fangas na ƙasa da tsirrai mai suna Neoscytalidium, wanda yake lalata farce iri ɗaya da wancan amma ba ya jin magungunan da aka saba bayarwa yadda ya kamata. Ka nemi sashen likitocin fata a babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma ka dakatar da duk wani shafe-shafe kafin ka je, saboda abin da aka shafa yana iya sa gwajin ya nuna babu alhali akwai.

Dalilin da ya sa wannan ciwo yake da taurin kai shi ne farcen kansa. Fangas ɗin ba a saman farce yake ba, yana can ƙarƙashi inda farce ya haɗu da nama, kuma abin da ke tsakaninsa da duk wani man shafawa shi ne wannan farantin keratin mai kauri da babu jini a cikinsa. Mai shafa magani a sama kawai yana kama da mai yi wa ƙofa fenti alhali gara tana cin ta daga ciki. Ƙari a kan haka, ɓangaren da ya riga ya lalace ba ya gyaruwa, sai dai sabon farce mai lafiya ya tsiro ya ture shi. Farcen hannu yana tsiro kusan milimita 3 a wata, na ƙafa kuwa milimita 1 zuwa 1.5 ne, don haka babban yatsan ƙafa yakan buƙaci wata 12 zuwa 18 kafin ya sauya gaba ɗaya. Duk wanda ya yi maka alƙawarin warkewa cikin mako biyu, ko da wane irin magani ne a hannunsa, bai faɗa maka gaskiya ba.

Ƙwayar da mai kemis ya ambata mai yiwuwa tarbinafin ce, wadda ake sha miligiram 250 kullum, mako 6 don farcen hannu, mako 12 don na ƙafa. Tana isa farce ta cikin jini, kuma tana zama a cikinsa watanni bayan an daina sha. A gwaje-gwajen da aka yi ta kashe fangas ɗin a wajen mutum bakwai cikin goma, amma waɗanda farcensu ya koma sumul kamar da ba su kai haka ba, wajen huɗu ne cikin goma. Tsoronka game da hanta yana da tushe, sai dai mummunar illa ga hanta ba kasafai take faruwa ba, kuma hanyar kauce mata sananniya ce: a yi gwajin lafiyar hanta kafin a fara, a kuma duba ciwon hanta nau'in B tunda ya yawaita a ƙasarmu kuma da yawa ba su san suna ɗauke da shi ba. Idan ana cikin sha aka ga fitsari ya yi duhu, ko ido ya yi shawara, ko tashin zuciya ya ƙi ƙarewa, sai a dakatar nan take a koma wurin likita. Akwai kuma itrakonazol, amma ba a ba mai raunin zuciya, kuma yana karo da magunguna da dama. Abin da nake roƙon kowa ya guje wa shi ne ƙwayar ketokonazol ta sha don ciwon farce, domin tun 2013 hukumomin magunguna na Amurka da Turai suka yi kashedi mai tsanani a kanta saboda lalata hanta. Girisofulbin kuma, da ake ba yara masu makero, ba ta da wani ƙarfi a kan farcen ƙafa.

Domin ka samu ma'aunin da za ka auna magungunan tsirrai da shi, ka dubi waɗanda aka ƙera musamman don ratsa farce. Siklopiroks, wanda ake shafawa kullum har mako 48, bai warkar da ko mutum ɗaya cikin goma warkewa cikakkiya ba. Efinakonazol, da aka amince da shi a Amurka a 2014, ya tsaya a kashi 15 zuwa 18 cikin 100. Idan haka lamarin yake ga waɗannan, bai kamata a ɗora wa dakakken ganye burin da ya fi ƙarfinsa ba.

Malam Ɗanjuma, malamin kimiyyar sinadaran tsirrai

Na yarda da bayanin Maman Sadiƙ game da gwaji da kuma kaurin farce, amma ba na son Malam Abu Hanif ya tashi da fahimtar cewa maganar tsirrai tatsuniya ce. Sinadaran da ke cikin abubuwan da ya lissafa na gaske ne, an ware su, an san siffarsu, kuma an ga suna kashe fangas a ɗakin gwaji. A tafarnuwa akwai alisin, wanda yake samuwa a lokacin da aka daka ta, da kuma ajowin da ke fitowa daga gare shi. A kanumfari akwai yujinol, a habbatus sauda akwai taimokwinon, a lalle akwai loson, wanda shi ne yake kama fata da farce ya ba su ja. Man ti-tiri kuwa, da ake tatsa daga ganyen wata bishiyar Ostareliya mai suna Melaleuca alternifolia, ƙarfinsa yana cikin wani sinadari da ake kira tarpinen-4-ol, wanda yake huda fatar ƙwayar fangas har abin cikinta ya tsiyaye. Tambayar da ta dace ita ce me ya faru da aka fitar da su daga kwanon gwaji aka kai su kan farcen mutum, kuma a nan ne labarin yake raguwa.

Man ti-tiri shi ne aka fi gwadawa. A 1994 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Amurka a kan mutum 117, inda aka raba su biyu, wasu suna shafa man zallansa, wasu suna shafa wani maganin asibiti mai suna kulotirimazol, sau biyu kullum har wata shida, ana kuma kankare musu farcen lokaci-lokaci. Wajen kashi 60 cikin 100 na kowane ɓangare sun ga farcensu ya ɗan kyautata, amma da aka shuka abin da aka kankaro, kashi 18 ne kawai na masu man ti-tiri fangas ɗinsu ya mutu, na ɗaya ɓangaren kuma kashi 11. Masu tallar man sukan ce ya yi kunnen doki da maganin asibiti, abin da ba sa faɗa shi ne kulotirimazol ɗin shafawa dama can ba maganin farce ba ne, don haka yin daidai da shi ba abin tinƙaho ba ne. A 1999 an sake wani gwaji a kan mutum 60, aka haɗa man da wani maganin asibiti mai suna butenafin. Kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka samu haɗin sun warke, amma a cikin waɗanda suka shafa mai ɗauke da man ti-tiri kaɗai babu ko ɗaya da ya warke.

Vicks kuma yana ɗauke da kafur da mantol da man bishiyar turare da taimol, dukkansu asalinsu daga tsirrai. A 2011 an buga wani ƙaramin gwaji na mutum 18 da suka shafa shi kullum har mako 48: biyar sun warke, goma sun samu sauƙi, uku ba su ga canji ba. Sakamako ne mai ƙarfafa gwiwa, sai dai mutum 18 sun yi kaɗan, kuma ba a kwatanta su da wani rukuni da bai shafa ba, saboda haka ba za a gina hukunci a kansa ba. Ajowin na tafarnuwa an gwada shi a Benezuwela ya kuma yi aiki sosai, amma a kan cin ruwan fata ne, kuma man shafawa ne da aka auna ƙarfinsa, ba ɗanyar tafarnuwa da aka ɗaure a yatsa ba. Darbejiya da habbatus sauda da lalle, da ma gogamasu da iyayenmu ke murzawa a kan makero, shaidar da ake da ita a kansu ta ɗakin gwaji ce. Ba ina rage wa habbatus sauda darajar da take da ita a wurinmu ba, ina magana ne a kan ko man da aka shafa a saman farce mai kauri zai isa inda cutar take.

Akwai wani dalili na kimiyya da ya sa waɗannan mayuka suke kasawa, wanda mutane ba su cika sani ba. Fata tana da maiƙo a samanta, shi ya sa mai yake ratsa ta cikin sauƙi. Farce kuwa maiƙonsa kaɗan ne ƙwarai, ya fi karɓar ƙananan sinadarai masu narkewa a ruwa, alhali yujinol da taimol da tarpinen-4-ol duk 'yan gidan mai ne, kuma masu saurin bin iska. Saboda haka yawancin abin da aka shafa yana tsayawa a sama ya bushe. Loson na lalle kuma yana da wata matsalar daban: yana manne wa keratin ne tun a saman farcen, abin da ya manne kuwa ba ya ƙarasawa ciki. Sai kuma batun ƙarfi, domin ganyen darbejiyar da aka tsinka da damina da wanda aka tsinka da rani ba lallai sinadarinsu ya zo ɗaya ba, man da ake sayarwa a kasuwa kuma sau da yawa an sirka shi.

Abin da yake yi mini ciwo shi ne ba a bi tsirranmu har ƙarshe ba. A Meziko akwai wani tsiro mai suna Ageratina pichinchensis da mutanen karkara ke amfani da shi a kan cututtukan fata. Masu bincikensu sun tace shi, sun daidaita ƙarfinsa, sun mai da shi ruwan shafa wa farce, suka gwada shi kafaɗa da kafaɗa da siklopiroks, kuma sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna bai yi nisa da shi ba. Mu kuwa ɗalibanmu suna rubuta kundi bayan kundi a kan yadda ruwan ganye kaza ya hana fangas tsiro a kwano, daga nan sai a rufe kundin a ajiye a kanta, saboda babu kuɗin da za a kai aikin ga marasa lafiya. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yau daga tazargade aka samo shi, amma sai da aka ware sinadarin a ƙasar Sin a 1972, aka auna shi, aka gwada shi a kan mutane. Kafin a yi wa darbejiya da gogamasu irin wannan hidima, ba zan iya ce wa Malam Abu Hanif ya dogara da su a kan farcen da cutar ta kusa kai gindinsa ba. Idan ɗan tabo ne fari a saman farce ko a bakinsa, gwada man ti-tiri ko Vicks na wasu watanni ba laifi ba ne, matuƙar mutum ba shi da ciwon suga kuma fatarsa ba ta yi ja ko ƙaiƙayi ba.

Anti Bilki mai lalle, Kaduna

Ni sana'ata ƙunshi ce, kuma faratan mata da yawa sun bi ta hannuna, don haka bari in ce wani abu a kan shawarar gwaggonka. Amare da iyayensu sukan zo da farcen da ya lalace su ce in ɗora masa lalle mai kauri don ya warke. Lallen yana rufe rawayar, farcen ya yi ja ya yi kyau a ido, amma bayan wata biyu idan suka dawo, sabon da ya tsiro daga gindi yana nan da kaurinsa, garin kuma yana nan a ƙarƙashi. Illar da na lura da ita ita ce jan yana ɓoye iyakar ciwon, mai shi ba ta sanin yana gaba ko yana baya, kuma idan ta je asibiti likita ba ya ganin ainihin launin farcen. Saboda haka duk wadda ta zo mini da irin wannan nakan ce ta fara zuwa a duba ta tukuna. Baƙin lallen nan kuwa da ake haɗawa da rinin gashi, kada a kusantar da shi ga yatsan da fatarsa ta tsage, domin na ga yadda yake tayar da ƙuraje masu ruwa a fata mai lafiya ma.

Abu na biyu shi ne kayan aiki. Masu yawo da almakashi suna yankan farce a kasuwa da tasha, kayan da suka yanke wa wani da shi suke yanke wa na gaba, sai dai su goge da ɗan tsumma. Malam, ka sayi abin yankan farcenka kai kaɗai, ka ware wani daban don farcen da ke ciwo, kuma kada ku haɗa da Hajiya. 'Yan'uwa mata masu manna farcen roba su ma su sani ruwa yana maƙalewa a ƙarƙashinsa, sau da yawa idan an ɓamɓare sai a tarar na ainihin ya canza launi.

Nas Hauwa, sashen masu ciwon suga

Malam Abu Hanif, amsar tambayarka ta ƙarshe ita ce a'a, lamarin Hajiya daban yake da naka, kuma ita ce ta fi buƙatar gaggawa. Ciwon suga idan ya daɗe yana rage jin ƙafa, yana kuma rage gudun jini zuwa yatsu, ta yadda mutum zai ji rauni bai sani ba, raunin kuma ya ƙi warkewa. Farce mai kauri yana danna naman da ke ƙarƙashinsa a cikin takalmi, gefensa yana yankar yatsan da ke kusa, tsagewar cin ruwa kuma ƙofa ce ga wasu ƙwayoyin cuta da suka fi fangas haɗari. Da yawa daga cikin gyambunan da muke wankewa kullum daga irin wannan ɗan ƙaramin abu suka faro.

Don Allah kada a ɗaura mata tafarnuwa. Ɗanyar tafarnuwa tana ƙona fata ƙuna ta gaske. An taɓa kawo mana wata dattijuwa da aka daka mata ita aka naɗe yatsan da leda ta kwana da shi, da aka kwance fatar ta yi fari ta kumbura ta tara ruwa tun daga gindin farce har bayan yatsan, ita kuwa ba ta ji zafin komai ba, kuma an sha wahala kafin wurin ya rufe. Man kanumfari zalla ma yana ƙuna. Haka nan kada a jiƙa mata ƙafa a ruwan zafi, kada a sa reza a farcen. A kai ta asibitin da take karɓar magani, a nuna wa likita ƙafar, a tafi da dukkan magungunan da take sha, domin wasu ƙwayoyin fangas suna karo da wasu magungunan suga da na hawan jini da na rage kitse a jini. A gida kuma a riƙa duba mata tafin ƙafa da tsakanin yatsu kullum, kuma bayan kowace alwala ta tsane tsakanin yatsun da tawul mai tsabta. Idan kun sayi man ti-tiri ko wani abu mai kafur, ku ajiye inda yara ba za su kai ba, saboda dukkansu guba ne idan aka sha. Sannan duk wanda ya ga baƙin layi a farce ɗaya yana ƙara faɗi, ko baƙin ya malala zuwa fatar gefe, ya je wurin likitan fata ba tare da jinkiri ba, domin akwai nau'in kansar fata da ke farawa haka.

Abu Hanif, Kano

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. In sha Allahu zan fara kai Hajiya, sannan in je a yi mini gwajin. Saura tambaya ɗaya ga Maman Sadiƙ: idan gwaji ya tabbatar fangas ne kuma likita ya rubuta mini ƙwayar, akwai laifi in haɗa da shafa Vicks ko man ti-tiri? Kuma tunda ba ni da ikon daina sa takalmin aiki, me zan yi don kada ciwon ya dawo?

Maman Sadiƙ, mai harhaɗa magunguna, Zariya

Babu laifi a shafawar, Malam, matuƙar bayan gwaji ne kuma ka sanar da likitanka, amma abin da zai fi taimaka wa ƙwayar shi ne rage kaurin farcen. Bayan wanka, lokacin da ya yi laushi, ka yanke duk ɓangaren da ya rabu da nama, ka goge samansa da abin gugar farce, ka zubar da garin a shara ka wanke hannu. Idan ya yi taurin da ba ya yankuwa, akwai man yuriya mai ƙarfin kashi 40 cikin 100 da ake ɗorawa a rufe na wasu kwanaki, yana narkar da ɓangaren da ya lalace ba tare da zafi ba, likita zai nuna maka yadda za ka kare fatar gefe. Abin da ban yarda da shi ba shi ne haɗa ƙwayar da jiƙe-jiƙen sha da ba a san abin da ke cikinsu ba, domin idan hanta ta nuna alama ba za a san wanne ne ya jawo ba.

A ranar da ka fara magani ka ɗauki hoton farcen da wayarka, ka kuma yi ɗan tsagi marar zurfi a samansa daidai inda lafiyayye ya ƙare marar lafiya ya fara. Kowane wata ka duba: idan tsagin yana matsawa gaba kuma abin da ke bayansa garau yake, maganin yana aiki, ko da farcen bai yi kyan gani ba a ranar da ka gama mako 12 ɗin. Idan rawayar ta tsallako tsagin ta dawo baya, ka koma asibiti.

Dawowar wannan ciwo ba baƙon abu ba ne, kuma galibi daga fata yake dawowa, don haka dole a kashe cin ruwan tare da na farcen. Man tarbinafin na shafawa yana isa cikin mako ɗaya zuwa biyu, kulotirimazol kuma yakan buƙaci mako huɗu. Ka guji mayukan nan masu haɗi uku da ake sayarwa barkatai, domin suna ɗauke da sinadarin sitiroyid irin su betametason ko kulobetasol, wanda yake kwantar da ƙaiƙayi cikin kwana biyu amma ya bar fangas ɗin yana yaɗuwa. Yawan amfani da irinsu yana cikin abin da ake dangantawa da ɓullar wani fangas a Indiya, Trichophyton indotineae, wanda sau da yawa ba ya jin tarbinafin. Game da takalmi, idan da hali ka mallaki biyu kana musanyawa, wanda ka cire ka buɗe shi a rana ya bushe sarai. Ka tafi wurin aiki da safa ta biyu ka canza lokacin sallar Azahar bayan ka tsane ƙafarka, ka riƙa wanke safunan da ruwa mai zafi kana shanya su a rana, kuma a banɗakin ma'aikata kada ka taka ƙasa ba silifas.